Yadda doki ya zaɓa mini unguwa

Idan mutumin Sakkwato ya tashi neman wurin zama, ko gidan haya ne ko fegin da zai gina, tambayoyin da yake yi wa dillali sanannu ne. Akwai ruwa? Wuta tana zuwa? Ina masallaci, ina kasuwa, ina makarantar yara? Ruwan sama yana kwanciya a layin da damina? Su wa ke maƙwabtaka da wurin? Duk tambayoyi ne na hankali, musamman ta ƙarshe, domin tun kafin a haife mu magabata suka ce a nemi maƙwabci kafin a nemi gida. Amma akwai tambaya guda da ban taɓa jin wani ya yi wa dillali ba, alhali kuwa ita ce ta raba ni da unguwar da aka yanke mini cibiya: idan na fito ƙofar gida da sassafe, minti nawa ne tsakanina da abin da ke wartsake mini jiki da zuciya?

A wurina wannan abin doki ne. Ba na riƙe da sarauta, kuma aljihuna bai kai in shiga sahun masu wasan ƙwallon dawaki ba. Malamin jami'a ne ni, mai jiran ƙarshen wata kamar kowa, kuma duk abin da ke bargata ingarma ɗaya ne, bikili ɗan Arewa, wanda ba zai ci tseren kowa ba. Sai dai na tashi na tarar da turke a ƙofar gidanmu da ke cikin tsohon gari, ba nisa da Hubbaren Shehu, kuma tun ƙafata ba ta kai likkafa ba mahaifina, Allah Ya jiƙansa, yake ɗora ni gaban sirdi idan zai fita kilisa. Karatu ya raba ni da hawa shekara da shekaru. Da na dawo na natsu na yi iyali, sai na ga ashe sayen doki shi ne mafi sauƙin al'amarin. Babban aikin shi ne samun inda za a zauna da shi.

Inda na fara jin ana yin waccan tambaya da gaske shi ne birnin Oslo na ƙasar Norwe, lokacin da binciken digirina na uku ya kai ni can na 'yan watanni a tsakiyar hunturu. Mutanen can sun ɗauki zamiya a kan dusar ƙanƙara yadda kakanninmu suka ɗauki hawan doki. Wasu suna ɗaura sirarran katakai biyu dogaye a ƙafa, su riƙe sanduna biyu suna tunkuɗa kansu cikin daji, ko su gangaro daga tudu. Matasa da yawa kuma sun fi son faffaɗan allo guda da ake ɗora ƙafafu biyu a kai, a tsaya a karkace. Da yamma, idan an tashi daga aiki, sai ka ga ma'aikata sun shiga jirgin ƙasa na cikin gari rungume da katakansu, su sauka a tashar ƙarshe da ke bakin daji, inda aka kunna fitilu a hanyoyin zamiyar saboda dare yana saurin yi. Wani abokin aikina a can, magidanci mai 'ya'ya biyu, ya gaya mini an taɓa yi masa tayin aiki a wata ƙasa da albashin da ya fi nasa, ya ƙi karɓa, domin ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce kuma ƙanƙara ba ta daɗewa a cikinta. Da ya ga mamaki a fuskata sai ya ce shi ba tsawon dutse yake aunawa ba, yawan ranakun da zai iya fita yake ƙirgawa, kuma ƙaramin tudu a bayan gida ya fiye masa babban tsauni da sai an yi tafiyar yini.

Wannan lissafi shi ne na masu wasan a ko'ina. Shi ya sa wasu birane suka yi suna a wurinsu. A Innsbruck ta ƙasar Ostiriya, wadda ta karɓi baƙuncin gasar Olamfik ta hunturu a 1964 da 1976, mutum yakan hau jirgin da igiya ke ja daga tsakiyar gari, kafin rabin awa yana kan dutse mai tsawon kimanin mita 1,900. A Salt Lake City ta Amurka, inda aka yi gasar a 2002, wuraren zamiya irin su Alta da Snowbird ba su kai tafiyar awa guda a mota ba. Mazauna birnin Denver kuwa suna hango tsaunuka daga tagoginsu, amma babbar hanyar da ta haura can takan cushe a ƙarshen mako, har gani ya fi zuwa yawa. Mu ma muna da shaida a gida. Samuel Ikpefan, wanda ya wakilci Najeriya a wasan zamiya a gasar Bejin ta 2022, a Faransa aka haife shi, kuma a gindin tsaunukan Alps ya girma. Da a Mabera ko Runjin Sambo ya tashi, da duk baiwar da Allah Ya ba shi a wannan fanni ta mutu a jikinsa ba tare da shi kansa ya san da ita ba. Wuri ne ke buɗe wa mutum ƙofar wasa, ko ya rufe ta.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan tunanin Turawa ne da na kwaso. Yadda ƙanƙara ke da iyakar da ba ta wucewa, haka doki yake da tasa a ƙasarmu. Ƙudan tsando, mai sa wa dabbobi ciwon sammore, shi ya shata wannan iyaka: a kurmin kudu doki ba ya daɗewa, shi ya sa tsohuwar daular Oyo ta riƙa sayen dawakinta daga arewa. Mu kuwa Allah Ya zaunar da mu a ƙasar doki, har sarautunmu suna ɗauke da sunansa, irin su Madawaki da Ubandawaki, ga Shamaki mai kula da barga. Lokacin da Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato a 1809, tudu ya zaɓa wanda ke kallon mahaɗar gulbin Rima da gulbin Sakkwato, inda tsaro da ruwa da ciyawar fadama suka haɗu. Daga baya ya mayar da Wurno ribaɗinsa, a can kuma ya rasu a 1837, kuma masana tarihin Daular sun nuna cewa ya ƙarfafa wa makiyayan da ya zaunar a garuruwan ribaɗi gwiwar kiwon dawaki. Ashe duba bukatar doki kafin a kafa turken gida tsohon abu ne a wurinmu. Abin da ya sauya shi ne, su don yaƙi da mulki suka yi, ni kuwa don lafiyar jiki da natsuwar rai.

Wanda bai taɓa riƙe doki ba yana iya tambaya, me ya hana a ɗaure shi a ko'ina, a hau shi ranar da aka samu sarari? Amsar tana jikin dabbar. Doki halitta ce ta tafiya. Idan ya yi kwanaki a turke yana cin dusa da harawa ba ya motsawa, ƙafafunsa sukan kumbura, cikinsa yakan ɓaci, halinsa ma ya sauya, ranar da ka hau shi sai ya nemi kayar da kai. Kilisa a wurinsa abinci ce ta biyu. Sannan ba kowace ƙasa ce ta dace da shi ba. Yadda masu zamiya ke bambanta ƙanƙara mai laushi da wadda ta daskare ta zama kamar gilashi, haka mahayi yake karanta ƙasa. Kwalta tana da santsi ga kofato. Marmara da tsakuwa, waɗanda suka yi yawa a tudun Sakkwato, suna cin kofaton dokin da ba a yi wa takalmi ba, kuma yawancin dawakinmu haka suke. Lakar fadama idan ta bushe takan dare, ƙafa ta faɗa a rami. Abin da ake nema shi ne jigawa mai yashi daidai wa daida, wadda ba ta nutsar da ƙafa, ba ta kuma buge ta.

Ga kuma lokaci. Masu zamiya suna da 'yan watanninsu na hunturu, mu ma haka. Daga Yuni zuwa Satumba gonaki a shuke suke, ba mai mutuncin da zai ratsa geron talaka da doki, ga ƙwari masu cizo a bakin fadama. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yakan wuce digiri 40, idan hantsi ya ɗaga to hawa ya zama zalunci ga dabba da mai ita. Kakarmu ta gaskiya ita ce daga Nuwamba zuwa Fabrairu, bayan an kwashe amfanin gona, gonaki sun buɗe, iskar hunturu tana kaɗawa. A sauran watanni kuwa abin da ya rage shi ne ɗan tsakanin sallar asuba da fitowar rana sosai. Ga malamin da ke da aji ƙarfe takwas, wannan bai fi awa guda da 'yan mintoci ba. A cikin wannan 'yar awa ce duk zancen unguwa ya ta'allaƙa.

Wurare uku na auna. Na farko gidanmu na gado, inda aka ba ni sashe in gyara. A can ga Inna, ga 'yan'uwa, ga masallacin da na yi karatun allo. Amma garin da mahaifina yake ratsawa cikin 'yan mintoci ya isa bayan gari ba shi ne na yau ba. Na gwada da ƙafata: daga ƙofar gida zuwa inda za a iya sakar wa doki linzami sai an yi fiye da rabin awa ana kutsawa tsakanin 'yan kabu-kabu da motoci da kwatoci. Zuwa da dawowa sun cinye awar tun ba a fara kilisar ba. Na biyu shi ne ƙauyukan da ke hayin gulbi, ta wajen Dundaye, kusa da wurin aiki, inda fili yake a yalwace. Sai dai duk wanda ya ga ambaliyar Satumban 2010, wadda ta yanke hanyar da ta haɗa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da gari ta wajen Kwalkwalawa, har aka koma shiga kwalekwale, zai yi tunani sau biyu kafin ya sa gulbi tsakaninsa da tsohuwar da ta haife shi. Na uku wani fegi ne a gefen gari, ta wajen hanyar Wamakko, wanda a lokacin gidaje ƙalilan ne kewaye da shi, kuma daga bayansa jigawa ce shimfiɗe iya ganinka. Daga inda zan kafa turke zuwa filin, minti biyar ne a tafiyar doki. Shi na zaɓa, yau shekara takwas ke nan.

Ba zan ɓoye wa mai karatu kuɗin da aka biya ba, kuma ba ni kaɗai na biya ba. Ranar da na kai wa Inna maganar, shiru ta yi na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Yanzu kai, saboda dabba za ka barin mutane?" Na ce, "Inna, ba barin ku zan yi ba, kullum sai kin gan ni." Ta ce, "Allah Shi sa." Wanda ya san tsofaffinmu ya san nauyin da ke cikin wannan addu'a. Uwargida kuwa sharuɗɗa ta gindaya. Ta ce, "Malam, ni ban ƙi doki ba, amma kada ya zame mini kishiya." Ba za ta tare ba sai an haƙa rijiyar burtsatse, ba za a sauya wa yara makaranta a tsakiyar shekara ba, kuma kowace Juma'a daga masallaci sai cikin gari, a yini a can har bayan isha'i. Ta yi gaskiya, domin namiji idan ya kai iyalinsa bayan gari, shi da safe yakan shiga mota ya koma cikin mutane, macen ce ke yini da shirun unguwar. Biki da suna da ta'aziyya, waɗanda a da tattaki take yi zuwa gare su, duk sun koma sai an yi shiri. Doki kuma yana shan lita 30 zuwa 50 na ruwa a yinin zafi, a unguwar da famfo bai kai ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a Mayun 2023, nisan da ke tsakanina da wurin aiki da gidan Inna ya koma kuɗi tsagwaronsu a kowane mako.

Akwai kuma batun asibiti, wanda masu zamiya ma ba sa wasa da shi. Faɗuwa daga kan doki ba ta san gwani ba. Sakkwatawa ba su manta da gwamnansu farar hula na farko ba, Alhaji Shehu Kangiwa, wanda ya rasu a Kaduna a Nuwamban 1981 sanadiyyar faɗuwa daga doki a wasan ƙwallon dawaki, wanda kuma babban dandalin taro na garin nan yake ɗauke da sunansa. Duk mai son zama kusa da filin hawa, to ya auna tazarar da ke tsakanin filin da likita.

To me aka samu? A kakar hawa ina fita sau huɗu ko biyar a mako, a sauran watanni sau biyu ko uku, ina bin gefen hanyoyin gona. Abokaina da ke da dawaki a cikin gari, waɗanda wasunsu sun fi nawa kyau da tsada nesa ba kusa ba, yawancinsu yaran barga ne ke hawa musu, su kuwa sai ranar biki ko Sallah. Doki nasu ne, kilisa ta wani. Ni kuwa nakan shiga aji da jikin da ya riga ya motsa da zuciyar da ta huce, kuma yawancin abin da nake rubutawa a kan sirdi yake fara zuwa mini. Babban ɗana ya iya ɗaura sirdi da kansa, ya san bambancin dokin da ya gaji da wanda ke jin ciwo, ya san a ba dabba ruwa kafin mutum ya sha. 'Yata ma tana hawa a cikin gida, tana kuma riƙe ragama idan ana wanke shi. Inna da kanta, ranar da ta zo ta ga jikanta a kan bikilin, ta ce zaman sirdin kakansa ne sak. A wurina wannan ya biya kuɗin mai.

Sai dai ga inda gizo ke saƙa, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. Filin da ya kawo ni ba nawa ba ne. Gonakin mutane ne, kuma mai gona yana da 'yancin sayar da abinsa. A shekara takwas ɗin nan minti biyar ɗina sun zama ashirin. Inda nake sakin linzami a da, yanzu tubalan siminti ne da katangu da harsasan da aka haƙa aka bari. Dalilan a bayyane suke. Tun da Sakkwato ta zama hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma a 1967 take faɗaɗa, kuma a 'yan shekarun nan rashin tsaro a gabashin jihar, a yankunan Isa da Sabon Birni da Rabah da Goronyo, ya koro dubban mutane zuwa birni, kowa kuma yana bukatar inda zai sa haƙarƙarinsa. Wannan rashin tsaron ne kuma ya sa mahayi ba zai ce bari in ƙara nausawa daji ba. Gari yana turo mu daga baya, tsoro yana tare mu daga gaba. Kuma duk wanda ya gina gida a bakin fili don son filin, gidansa yanki ne na filin da aka cire. Haka abin yake ga kowa, domin ba mai iya sayen jigawa sukutum ya ajiye.

Garuruwan masu zamiya sun riga mu shiga wannan matsala. Kyawun wuri yana jawo masu kuɗi, su sayi gidajen da ba sa kwana a ciki sai 'yan makonni a shekara, farashi ya tashi, har malamin makaranta da ma'aikacin da ke gyara hanyar zamiyar su koma zama nesa, kamar yadda ya faru a Aspen ta Amurka. Abin lura shi ne yadda wasu suka tunkari lamarin. A 2012 mutanen Suwizalan suka kaɗa ƙuri'ar raba gardama suka taƙaita irin waɗannan gidajen hutu, kada su wuce kashi 20 cikin 100 na gidajen kowace gunduma. A Norwe kuwa, a 2009 aka kafa dokar da ta kare dajin da ke kewaye da Oslo, aka ja layi aka ce gini ya tsaya nan. Abokina na can yana iya ƙin albashi mai tsoka saboda yana da tabbacin cewa dajin da ke bayan gidansa zai kai ga jikokinsa. Mu kuwa tarihinmu na kusa akasin haka yake nunawa: tsohon filin sukuwa na Legas shi ne aka gine ya zama Dandalin Tafawa Balewa a 1972. Muna alfahari da cewa a Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallah na Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tattali, amma dokin da ke burge baƙi a yinin hawa yana bukatar inda zai taka a sauran kwanakin shekara.

Ba sai mun je Oslo aron wannan layi ba, domin muna da namu. Kowane tsohon garin Hausa yana da hurumi, wato ƙasar da ke kewaye da gari wadda ba a mallaka wa kowa, ta kiwo da itace da maƙabarta da filin idi. Muna da burtali, hanyar da aka bar wa dabbobi tsakanin gonaki, wadda ko sarki ba ya nomewa. Waɗannan dokoki ne na mutanen da suka gane cewa akwai abin da idan aka raba shi kowa ya yi asara. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, don haka ikon ware fili yana nan, niyya ake nema. Abin da nake roƙo ba mai yawa ba ne. Duk sabuwar unguwar da za a yanka, a fitar mata da fili tun a takarda, a biya masu gonaki diyyarsu cikakkiya, a kafa masa alamu, a rubuta shi da sunan jama'ar unguwa yadda ba wanda zai wayi gari ya mayar da shi shaguna. Tsofaffin burtalan da gari ya cim musu kuma a bar su a buɗe, a dasa musu bedi da dogon yaro gefe da gefe, su zama hanyar dabba da mai tafiya a ƙasa.

Wani zai ce, a garin da mutane ke neman abin sawa a baki, wa ke ta dokin malamin jami'a? Tambayar tana kan hanya, amma filin da nake magana ba na masu dawaki kaɗai ba ne. A jigawar da nake kilisa nakan tarar da samari suna ƙwallo, yara suna langa, dattawan da likita ya ce su riƙa tattaki saboda hawan jini ko ciwon suga, da mata a rukuni suna zagayawa kafin gari ya cika. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babban mutum ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. A ina matar da ke zaune a lungun da ba ya ɗaukar mota biyu za ta samu nata? Mai kuɗi zai shiga ɗakin motsa jiki mai na'urar sanyaya iska, kamar yadda attajiran Dubai suka gina wa kansu tudun ƙanƙara a cikin kasuwa tun 2005. Talaka kuwa fili ne kaɗai gatansa. Dubi Argungu: yaran garin ba a makaranta suka koyi iyo da su ba, Matan Fada ce a bakin ƙofarsu. Abin da ke kusa shi ake iyawa, shi kuma ake gadar wa na baya.

Ga ɗalibaina da ke gab da fara aiki, da duk mai shirin kafa gida, shawarata ita ce ku ƙara waccan tambaya a cikin jerin da kuke kai wa dillali. Ku fara sanin abin da ke wartsake ku, ko ƙwallo ne, ko kokawa, ko lambu, ko kiwon tattabaru, ko tafiya a ƙasa kurum. Ku auna nisansa da minti a ranar aiki, kada ku auna da kilomita a ranar hutu. Ku je wurin da damina, ku koma da bazara, domin unguwa fuska biyu gare ta. Ku binciki mai filin da ya burge ku da abin da ake shirin yi da shi. Sannan ku zauna da waɗanda za su biya kuɗin zaɓinku tare da ku, uwa da mata da 'ya'ya, ku ji sharuɗɗansu tun kafin a zuba harsashi, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Idan lissafin bai fita ba, haƙuri ba aibi ba ne, zumunci yana gaba da kowane wasa. Idan kuwa ya fita, kada kunyar a ce wane ya bi son ransa ta hana ku, domin jikin nan ma amana ne.

Ga masu riƙe da alƙalamin tsara birni kuwa, gonakin da suka rage a gefen Sakkwato ba za su jira ku ba. Filin da ba a ware ba bana, baɗi katanga ce, kuma ba a taɓa rushe unguwa don a mayar wa yara wurin wasa ba. Allah Ya ba shugabanninmu ikon duba wannan al'amari tun da sauran fili, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya sa mu dace.